Ɗiyarmu za ta jami'a a Yamai: ta ina ake kama yaran nan, kuma me ake shiryawa?

Gwaggo daga Tawa:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ɗiyar ƙanena ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, bana, kuma sunanta ya fito a jami'ar Abdou Moumouni. Shekarunta 19, ba ta taɓa kwana a wani gari ba tare da babba ba. Uban ya ce a yi mata aure ta haƙura da karatun, saboda labaran da ake ji na masu neman ɗalibai da maki, da masu jira da mota a bakin makaranta. Ni na tsaya mata. Akwai wani ɗan garinmu da ke kasuwanci a Yamai, ya ce a bar masa komai: masauki, rajista, kuɗin taksi. Nasiha kam mun yi mata har ta gaji da ji. Abin da nake so daga waɗanda suka san wurin: ta ina ake kama yaran nan a zahiri? Me za mu shirya kafin ta hau mota? In kuma, Allah ya kiyaye, wani ya matsa mata, ƙofar wa za ta buga?

Tsohuwar Delege:

Wa alaikumus salam Gwaggo, Allah ya saka da tsayawar da kika yi. Da ɗan garin naku zan fara, don shi ya fi tsaya mini a rai. Ban ce mutumin banza ba ne, wataƙila don Allah ya yi tayin. Amma "a bar mini komai" ba tsarin da za a ɗora yarinya a kai ba ne, ko a hannun wa. Ranar da kwananta, cinta, kuɗin motarta da takardunta suka taru a hannun namiji guda, ta rasa bakin cewa a'a, kuma ta rasa wanda za ta faɗa wa, don duk wanda ta kai wa kuka a gida zai ce mata butulu. Ku karɓi taimakonsa a abu ɗaya, misali shi da matarsa su tarbe ta a tasha ranar farko. Sauran ku rarraba.

Babbar ƙofar da ake shiga ta wurin kuɗi ce, kuma a watannin farko ta fi zama a buɗe. Hukumar ANAB ce ke biyan bursi, wato kuɗin tallafin karatu na gwamnati, ba kowa ke samu ba, kuma wata uku-uku ake lissafa shi. Sabuwar ɗaliba ita ta fi kowa jira, sai an gama duba takardunta. Jinkirin bursi kuwa yana cikin abubuwan da ƙungiyar ɗalibai ta USN ta sha fita yajin karatu a kansu. Don haka ku yi lissafin wata shida na farko kamar babu bursi sam. In ya zo, alhamdu lillahi.

Yadda ake aiko kuɗin ma yana da muhimmanci. Kaɗan-kaɗan kowane mako, a rana sananniya, ya fi dunƙule guda a farkon wata, wanda zai ƙare ranar 12 ga wata wajen fotokofi da sayen bokiti. A turo da sunanta ita kanta, ta Nita ko Amana, ta karɓa da katinta na ɗan ƙasa, kada ya bi ta hannun kowa. Sannan a ware mata wani kuɗi dabam da ba a taɓawa: kuɗin motar komawa Tawa da na abincin mako guda. Yarinyar da ta san tana iya tashi ta bar wuri a daren nan ba ta jure abin da marar ko dala ke jurewa.

Masauki: ofishin CROU ke ba da ɗaki a site, wato gidajen kwanan ɗalibai, da tikitin resto, gidan abincin jami'a, da motocin ɗalibai, da ɗakin shan magani. Gadaje ba su kai yawan masu nema ba, kuma nan ne wasu manyan ɗalibai maza ke samun shiga: "ba ni lambarki, ni zan samo miki gado." Ta je ofishin da ƙafarta, ta ajiye takardunta, ta karɓi rasi. In ba ta samu ba, su haɗu uku ko huɗu su kama ɗaki a Harobanda, ɓangaren da jami'ar take, kamar Lamorde, Nogare, Karaje ko Kirkisoy, don kada ta riƙa neman abin hawan tsallake gadar Kennedy bayan magariba. Kafin a biya, a duba ko ƙofar tana da sakata ta ciki, ko makewayi na cikin gida ne, da su wa ke sauran ɗakunan. A kuma tambayi maƙwabta ko ruwa na shiga da damina, don unguwannin bakin kogi sun sha ambaliya a 2012 da 2020. Kowane wata mai gida ya sa hannu a littafin haya.

Wani abu da iyaye ba su cika tunani ba: sau da yawa mace ce ke kai yarinya, ba namiji ba. Wata babbar ɗaliba ce mai fara'a, ta ara mata atamfa, ta biya mata taksi sau biyu, ta ce ta raka ta bikin zagayowar haihuwar wata ƙawa. A can za a gabatar da "yayana" ko "kawuna". Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a koya mata ta ci bashin da aka faɗi adadinsa da ranar biyansa. Wanda aka ce "haba, bar shi kawai" shi ne mai tsada.

Maganin ƙaramin bashi kuwa asusu ne tsakaninsu, irin na Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maraɗi a 1991. Ƴan mata goma, kowa dala hamsin a mako, jika goma ke nan a mako huɗu. Ɗaya ta riƙe kuɗi, wata dabam ta riƙe littafi. Ya isa ya fitar da wadda zazzaɓi ya kama ko wadda aka sace wa waya, ba sai ta kira wani alhaji ba.

Malamin Amfi:

Hajiya, barka da ƙoƙari. Ni kan maki zan yi magana, don barazanar "ba za ki wuce ba sai ta hannuna" tana cin yara ne saboda ba su san yadda lissafin yake ba.

Tsarin LMD ake bi. Lisans shekara uku ce, zango shida, kowane zango kiredi 30 (ma'aunin darussan da aka ci), jimilla 180. Darussa a rukuni-rukuni suke, ana cin rukuni da 10 bisa 20, kuma a cikin rukuni guda darasi mai ƙarfi na iya ɗaga mai rauni. Wanda bai ci ba yana da zama na biyu, ratarapaji. Sakamako kuma kwamitin malamai ke zama ya tabbatar da shi, ba mutum ɗaya ba. Ke nan malami guda a aji na farko, inda ɗalibai ke cika amfi, babban zauren lacca, yana riƙe da kiredi kaɗan ne cikin talatin. Yadda ake raba maki tsakanin gwajin cikin zango da babbar jarrabawa ya danganta da tsangaya, don haka a makon farko ta nemi ƙa'idar tsangayarta a rubuce ta karanta.

Inda ikon mutum ɗaya ya yi yawa da gaske wurare uku ne: ƙananan azuzuwan aikin gwaji inda ake sanin fuskar kowa, neman sitaj, wato koyon aiki, a ma'aikatu da kamfanoni, da rubutun memwar, kundin binciken kammala karatu, inda ba a zuwa gaban alƙalan jarrabawa sai mai duba aikin ya sa hannu. A nan ake jan ɗaliba wata da watanni: "ki kawo gida in duba", "ki zo bayan ƙarfe shida, yanzu ina da aiki". Amsar ba rashin kunya ba ce, tsari ne. Ta tura kowane babi ta imel, don kwanan wata ya zauna. Ta je biro a lokacin aiki, tare da abokiyar karatu ko da za ta tsaya a bakin ƙofa ne. In an ce ta zo gida ko otel, ta amsa a rubuce cikin ladabi: "Malam, ka yi haƙuri, zan iya zuwa biro gobe da safe." Wannan saƙon kaɗai yakan sa mai mugun nufi ya ja baya, don ya gane ana ajiye shaida. In abin ya ci gaba, tana iya rubuta wa shugaban sashe ta nemi a sauya mata mai dubawa.

In maki ya fito ba daidai ba, akwai ƙorafi a rubuce, kuma wa'adinsa gajere ne bayan an liƙa sakamako. Abin da ke kashe ɗalibai shi ne su tafi bin malamin a baki, yau gobe, har wa'adin ya wuce, sai ya zama saura alfarma. Ranar da aka liƙa takarda ta ɗauki hoton layin sunanta. Ta rubuta ƙorafi kofi biyu, ta kai ofishin da ke karɓa, a buga hatimi da kwanan wata a nata kofin ta tafi da shi. Takardar da ba ta da hatimin karɓa kamar ba a kai ta ba ne. Matakan kuma a jere suke: shugaban sashe, sai shugaban tsangaya, sai shugaban jami'a.

Sai masu cewa suna da hanya a ofis, a ba su kuɗi ko wani abu su gyara maki. Yawanci ba abin da suke gyarawa. Suna jira ne, in ta ci su ce aikinsu ne, in ta faɗi su ce a ƙaro. Kuma wadda ta shiga wannan ta ba da wuyanta, don yanzu ita ma tana da abin ɓoyewa. Na ƙara da cewa yawancin malamai aikinsu suke yi tsakani da Allah, kada a tura yarinya tana tsoron yin tambaya a aji. A kuma sa a lissafi cewa shekarar karatu takan zarce lokacinta saboda yajin aiki, lisans ɗin na iya cin fiye da shekara uku na kalanda, aljihu ya shirya.

Baban Yara:

Ni dai a ganina gidan mai iyali ya fi site mutunci. Ɗiya mace a ƙarƙashin idon babba ta fi tsira. Tunda mutumin yana da mata, ina matsalar?

Tsohuwar Delege:

Baba, da girmanka, wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa gidan ne matsalar. Abu biyu ke lalacewa. Na farko ta koma ƴar aiki: wanke-wanke, kai yara lakkol, girkin dare, darasin ƙarfe takwas ya wuce ta. Na biyu, in mai gidan ko ƙaninsa ko ɗansa ne ya fara, wa za ta faɗa wa, matar gidan? In dole sai gidan, a yi magana a fili tun farko: ɗakin da za ta kwana da wa, ayyukan da ke kanta, kuɗin abincinta daga gida yake zuwa, kuma takardunta na asali suna hannunta. A kuma samu wata mace babba a wani gida dabam da za ta iya zuwa wurinta ta kwana ba sai ta ba da dalili ba.

Mai Bin Shari'a:

Gwaggo, ga ɓangaren doka. Tun gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka a 2003, matsa wa mutum da umurni, barazana ko tilas don neman lalata laifi ne, a aya ta 281-1: ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jika 10 zuwa 100. In mai yin ya yi amfani da ikon muƙaminsa, kamar malami ko shugaban wurin sitaj, ɗaurin na iya kusan kai shekara, tarar kuma jika 20 zuwa 200. A ganina hukuncin ya yi sauƙi, amma ga ma'aikaci, shiga kotu kan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fyaɗe kuwa babban laifi ne, shekara 10 zuwa 20.

Shari'ar irin wannan a kan shaida take tsayawa ko ta faɗi, kuma kuskuren farko da yara ke yi shi ne goge saƙo don kunya ko tsoron a gani. Kada ta goge. Ta ɗauki hoton fuskar waya yadda lambar mutumin da kwanan wata za su fito, ba sunan da ta sa masa kaɗai ba. Ta yi da wuri, don a WhatsApp mai turo saƙo na iya janye shi daga wayarta cikin kamar kwana biyu. Saƙon murya ta tura shi wani wuri, imel ɗinta ko wayar wadda ta amince da ita. Abin da aka faɗa mata a baki, ta rubuta a littafi ranar: wuri, lokaci, kalmomin, da wanda ya ga shigarta. In lamarin ya yi nauyi, akwai ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye, yana duba wayar ya rubuta abin da ya gani a takardar da kotu ke karɓa, amma biya ake yi.

Ƙara tana shiga ta komisariya ko jandarmomi, ta nemi sashen da ke kula da mata da yara, ko ta rubuta kai tsaye zuwa ga mai shigar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Yamai. Kada ta sa hannu a bayanin da ba a karanta mata ba. Marar kuɗin lauya ta nemi ofishin ANAJJ a kotu, hukumar da dokar 2011 ta kafa don taimakon shari'a. Ƙungiyar mata masana shari'a ta AFJN da SOS FEVVF mai taimakon mata da yaran da aka ci wa zarafi su ma suna sauraro suna rakiya. Ƙarar kotu ba ta hana ƙorafi a jami'a, hanyoyi biyu ne dabam.

Gargaɗi ɗaya da nake so a ji da kyau: kada ita ko ƙawayenta su buga sunan mutum da hotonsa a Facebook ko a gurup. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna, kuma a watan Yunin 2024 an dawo da ɗauri a kan hakan. Sai wadda aka zalunta ta koma wadda ake tuhuma.

Sai masu barazana da hoto. Wanda ya ce a biya shi ko a zo masa, in ba haka ba zai watsa, ba ya tsayawa bayan biyan farko. Kada ta biya, kada ta je, ta adana saƙon, ta kai wa ƴan sanda. Mai shekara 18 zuwa sama tana iya amfani da shafin StopNCII: hoton ba ya barin wayarta, wata lamba ce ake cirowa daga gare shi don Facebook, Instagram da TikTok su toshe shi, sai dai ba ya aiki a cikin WhatsApp. Ta sa wa WhatsApp ɗinta lambar sirri ta biyu mai alƙaluma shida, kuma kafin ta ba mai gyara waya ta cire katin ajiya. Hoton da ake gani sau ɗaya ya ɓace ma ba tsaro ba ne, da wata wayar ake ɗaukar sa.

Ungozomar Harobanda:

Yaya, ni abin da ba a son faɗa zan faɗa, gara ta sani bai faru ba. In an yi mata fin ƙarfi, agogo ke aiki, kuma asibiti ne farko. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi, kuma kowace awa da aka rage ta fi. Yakan sa tashin zuciya a kwanakin farko, nan wasu ke yar da shi, alhali rabin magani ba ya karewa. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, levonorgestrel miligiram 1.5, ta fi aiki cikin awa 72, ƙarfinta na raguwa har zuwa kwana 5. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, hana shi take yi. In ta yi amai cikin awa 2 da sha, a sake. In al'ada ta yi jinkirin fiye da mako guda, a yi gwaji. Ana kuma ba da maganin cututtukan sanyi, da allurar ciwon hanta nau'in B ga wadda ba ta yi ba, da ta tetanus in akwai rauni. Gwajin ƙanjamau ana yin sa ranar farko, a maimaita bayan wata uku.

In za ta iya, kada ta yi wanka kafin a duba ta. Kayan da ke jikinta a naɗe su a takarda ko ambulan, ba a leda ba, don danshi na ɓata shaida. In ta riga ta yi wanka, ko kwana ukun sun wuce, ta je duk da haka. Asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde yana kusa da jami'a, akwai kuma asibitin haihuwa na Issaka Gazoby a cikin gari. Ta nemi takardar likita ta ajiye, ko da ba ta yanke shawarar kai ƙara ba tukuna. Kada a tsaya jiran takardar ƴan sanda kafin a fara magani.

Bayan nan, rashin barci, firgita, ƙin shiga aji, duk suna zuwa, ba aljanu ba ne kuma ba lalaci ba ne. Waɗanda ke komawa karatu su gama galibi su ne waɗanda mutum na farko da suka faɗa wa bai ce "me ya kai ki?" ba.

Gwaggo daga Tawa:

Allah ya saka muku da alheri, na kwafe duka. Saura ɗaya: yarinyar akwai kunya da zurfin ciki. Daga nan Tawa ta yaya zan gane in wani abu na damun ta?

Tsohuwar Delege:

Gwaggo, "lafiya lau?" ba ta fito da komai, amsarta "lafiya lau" ce kullum. Ki sa ranar kira guda a mako, ki yi tambayoyin da ke da amsa: me kika ci jiya da dare, nawa ya rage a hannunki, wa ya kawo ki gida, wane darasi ne ya fi wuya kuma wa ke koyar da shi. Ki lura in ta daina neman kuɗi kwatsam alhali bursi bai fito ba, ko ta zo hutu da waya mai tsadar da ba ku saya ba, ko ta tsani darasi guda ba dalili, ko ta sauya lamba. Ko ɗaya ba hujja ba ce, dalilin zama a yi hira ne, ke da ita kaɗai.

Abin da ke rufe bakin yawancinsu tsoron a cire su daga makaranta ne. Ki faɗa mata da bakinki cewa kawo ƙara ba zai jawo a dawo da ita gida ba, kuma ki tabbata haka ne kafin ki faɗa. Ku yanke wata kalma tsakaninku, da in ta faɗe ta a waya kin san tana tare da wanda ba ta iya magana a gabansa. Ki karɓi lambar abokan ɗakinta biyu. Ita kuma ta rubuta lambobi huɗu a takarda ta sa cikin jakar takardunta, saboda waya na mutuwa kuma ana ƙwace ta: taki, ta macen da za ta iya kwana a gidanta, ta delege, wakilin ɗaliban ajinsu, da 17 ta ƴan sanda.